Kunnen Aro

Ermek Osmonaliyef ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana naɗin waya a garejin bas-bas na Bishkek, cikin ƙarar injina da dukan guduma. A unguwarsu ta Alamedin ba a san shi da komai ba sai wannan aiki da kuma shiru-shiru. Matarsa ta tafi Mosko ɗinki tun da daɗewa, auren ya mutu ba tare da wani ya ce ya kashe shi ba. Ya ci gaba da zama shi kaɗai a saman bene, ɗaki biyu, ɗaya na kwana, ɗaya na kwamfuta.

A intanet kuwa wani mutum ne daban. Akwai gasar kiɗa da wani dattijo a Tashkent, mai suna Bahodir, yake shiryawa duk wata. A farkon wata zai zaɓi manhajar haɗa sauti guda ɗaya, kowa ya sa a kwamfutarsa ya yi kiɗa da ita kaɗai. Ganga ce, sarewa ce, ko da tsawa kake so, sai dai ka ƙera ta da hannunka daga cikin manhajar. Ba a yarda ka ɗauko sautin abu na gaske ka liƙa ba. In kuma da wanda ya taya ka, dole ka rubuta sunansa. Ƙarshen wata 'yan gasa su saurari na juna su jefa ƙuri'a.

'Yan gasar sun daɗe da rabuwa gida biyu. Wasu na cewa in mai sauraro bai tashi yana rera karinka ba, ka yi aikin banza. Wasu na cewa nan ba gidan biki ba ne, wurin ƙira ne, mai son kari ya je ya buɗe rediyo. Ermek shi ne uban tafiyar ɓangare na biyu. Zai haɗa maka ƙarar ƙofar ƙarfe tana rufuwa a cikin kogo har ka waiwaya. Amma bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Kullum maganar ɗaya ce a ƙarƙashin kiɗansa: sauti ya yi, ina waƙar?

Yayarsa Saltanat tana cikin masu wannan tambaya, ko da yake ita ba ta san ma ana wata gasa ba. Malamar waƙa ce a makarantar ƙananan yara, da tsohon akodiyonta, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, wanda madaurinsa ya cinye mata kafaɗa. Duk Lahadi takan hawo benen da kwanon manti, ƙullin fulawa mai nama a ciki, tana haki tana zagin matakala, ta tarar da shi da abin sauraro a kunne.

"Har yanzu kana nan kana kiwon firij ɗin naka?" Haka take kiran kiɗan. "Wallahi namu na gida ya fi shi daɗin murya."

"Eje, ba za ki gane ba," in ji shi. Haka ake kiran yaya mace a harshensu.

"To ai shi ne. Kiɗan da sai an yi wa mutum bayani."

Abin ya fara ne da wata 'yar magana. Ya tura kiɗansa na wani wata, sai wani ya rubuta: Ermek, mece ce wannan siririyar ƙara da ke tsaga kai tun daga farko har ƙarshe? Wani ya ce shi ma sai da ya rage murya. Ermek ya sake saurara. Babu komai. Ya ƙure murya, ya canja abin sauraro, babu. Sai da ya buɗe zanen sautin a allo ya gan ta da idonsa, wani siririn layi can sama, miƙe kamar waya. Ya daɗe yana kallonsa.

Likitar kunne ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce ƙarar gareji ta cinye masa siraran sautuka, kunnen hagu ya fi lalacewa, kuma abin da ya tafi ya tafi. Ya fito ya tsaya a bakin titi yana kallon wasu tsuntsaye a kan waya, bakinsu na motsi. Bai gaya wa kowa ba. A dandalin gasar ya ce kuskuren na'ura ne.

Ranar Lahadi, Saltanat tana zuba shayi, ya ce ba tare da ya kalle ta ba, "Eje, zo ki saurara mini wani abu."

"Ni? Yau kuma?"

"Ki gaya mini kawai in akwai abin da ke sukar kunne."

Ta sa abin sauraron, nan take ta fizge shi. "Kai! Kashe ni za ka yi? Ba ka ji wannan ba?" Ta dube shi, ta sake dubansa, ta ajiye butar a hankali. "Tun yaushe?"

Ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta tura masa kwano, ta ce ya ci tukuna. Da ya gama ta ce za ta ara masa kunnenta, amma ba za ta zauna tana sauraron ƙugi ba gaira ba dalili. In za ta ji, to a sa abin da za a ji.

Haka suka shiga aikin watan, kuma ba a yi shi cikin daɗi ba. Ta zo da wani kari da ta daɗe tana juyawa a ranta, mai sauƙi, mai hawa kaɗan ya sauko kamar mai rarrashi. Shi kuma ya ce in dai za a yi, to da muryar komuz, molon gargajiyarsu, za a yi, kuma shi zai ƙera tsirkiyar daga babu. Ya kwashe kwanaki a kanta. Ita tana zaune a gefe tana cewa ƙara, rage, a'a ya zama gwangwani, yauwa tsaya nan. Shi yana son ya tsawaita wani wuri don a ji yadda katakon ke amsawa, ita ta ce karin zai mutu.

"Mutane ba katako suka zo ji ba, Ermek."

"A gasar nan shi suka zo ji."

"Shi ya sa kullum kake baya."

Ya miƙe ya fita baranda ya sha taba, ya dawo ya gajarta wurin.

Ranar turawa ya tsaya a gurbin da ake rubuta sunan mataimaki. Ya rubuta nata, ya goge. In ya bari, za a ce uban maƙera ya miƙa wuya, ya je aron waƙa. Za a kuma tambayi me ya sa, daga nan a kai ga kunnen. Ya bar gurbin fayau ya tura.

Ƙuri'u suka yi ta zuba yadda bai taɓa gani ba. Ɓangarorin biyu kowa na cewa nasu ne. Ana cikin haka wani matashi daga Almaty, Arsen, wanda shi ke biye da shi a ƙuri'a, ya rubuta cewa wannan ba ƙira ba ce, komuz ne na gaske aka ɗauka aka ɓoye. Ya ce a saurari gogar yatsa a kan tsirkiya, babu manhajar da za ta yi haka. Kafin yamma dandalin ya kama da wuta. Bahodir ya tsayar da ƙirga, ya ce ranar Lahadi da rana Ermek zai sake ƙera sautin a idon kowa, ta kiran bidiyo.

Ermek bai iya gaya wa yayarsa duka ba. Ya ce mata dai za a duba aikin, ta zauna a kujerar bayan ƙofa inda kyamara ba ta kaiwa, in ya yi kuskure ta yi masa alama da hannu.

"Kamar ɓarayi?" ta ce tana dariya. "To, mu gani."

Fuskoki suka cika allon, kowa da abin sauraro a kai. Bahodir ya gyara tabarau ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ba shari'a muka zo ba, duba ne. Ermek ya shaida mana cewa kari da sauti duka nasa ne, shi kaɗai, ba mataimaki. Haka ne, Ermek?"

Ɗakin ya yi masa ƙunci. Ta gefen ido ya ga Saltanat ta daina juya cokali a kofinta.

"Haka na rubuta, Bahodir."

"To bismilla. Goge komai ka fara."

Hannunsa ya san hanya ko da ransa ba ya wurin. Ya ɗauko ɗan guntun ƙarar shuu, ya datse shi har ya zama kamar ƙyasta farce, ya tura shi cikin abin da ke maimaita amo da sauri, sai ga tsirkiya ta fara magana. Ya ba ta ciki, ya ba ta katako. Wani a allon ya gyaɗa kai. Arsen ya harɗe hannu.

"Wannan kowa zai iya," in ji shi. "Gogar yatsan muke jira, baba."

Nan ne wurin. Gogar tana can sama, inda kunnen Ermek ba ya kaiwa. Ya fara murɗa maɓallin a hankali, ya saci kallon bayan ƙofa. Saltanat ta juya fuskarta ga taga, hannayenta biyu a kan cinya. Ya ƙara kaɗan. Shiru yake ji. Ya ƙara. Wata mata a allon ta yamutsa fuska. Ya ɗauka bai kai ba ne, ya sake murɗawa, sai ya ga mutane suna fizge abin sauraro, Bahodir ya dafe kunne yana ɗaga hannu.

"Ermek! Me kake yi haka?"

"Kun gani ko?" Arsen ya matso kusa da kyamara. "Mutumin da ya ƙera wancan ba zai yi wannan ba. Bai ma san inda yake ba."

Ermek ya sake kai hannu. Ya mayar da maɓallin baya, bai san ko ya wuce ba, ya sake dawo da shi. Zanen da ke allo yana gaya masa akwai sauti, ba ya gaya masa ko ya yi daɗi.

"Ya yi yawa. Rage."

A fili Saltanat ta faɗa, da muryar da take tsawata wa yara. Har yanzu taga take kallo.

Ya rage.

"Ƙara rage. Kaɗan. Yanzu gajarta wutsiyar. Tsaya nan."

Ya danna maɓallin kiɗa, yatsa ya goga tsirkiya a kunnen kowa, daidai yadda yake a waƙar. Bahodir ya cire tabarau.

"Wace ce ke magana?"

Ermek ya juya kyamarar. "Yayata ce, Saltanat. Karin nata ne. Kunnen ma nata ne, nawa ya tafi. Ni na ƙera, amma ba na jin rabin abin da nake ƙerawa."

Bahodir ya gaishe ta da ladabi, ta amsa a taƙaice. Ya ce zargin liƙi ya faɗi, kowa ya gani da idonsa, kuma ya kamata Arsen ya san abin da zai ce. Arsen ya sosa ƙeya ya ce a yi haƙuri. Amma, in ji Bahodir, doka doka ce, an ɓoye mataimaki, don haka an cire waƙar daga gasar watan. Wasu suka fara gardama, masu kari na cewa ga shi nan ai, sai da waƙa ta shigo aka ji shi, maƙera na cewa ba don tsirkiyar ba wa zai kula karin. Ermek ya kashe kiran suna tsaka da yi.

Saltanat ta riga ta sa rigar sanyinta.

"Eje..."

"Da ka ce mini kunya kake ji, da na gane. Ni ma na san kunya." Tana ɗaura ɗankwali, ba ta dube shi ba. "Amma ka zaunar da ni bayan ƙofa ina ji kana cewa kai kaɗai ne."

Ta bar kwanon a kan tebur ta sauka. Bai ji takunta a matakala ba, bai kuma san ko don ta taka a hankali ba ne.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Ya kira, ta ɗauka ta ce tana da aiki. Sai da dusar ƙanƙara ta fara narkewa ya je makarantarsu ya tsaya a bakin ƙofa har aka tashi yara. Ta fito da akodiyon a kafaɗa, ya miƙa hannu ya karɓa, ta bar masa. Suka taka har tashar mota. Da motar ta iso ta ce, "Ka rame. Me kake ci?"

Yanzu an mayar da shi ɗakin ajiyar kaya a garejin, nesa da injina, yana kuma sa ɗan abin ƙara ji wanda ya ce yana mayar da kowane sauti kamar daga cikin bokiti. Suna shiga gasar da sunayensu biyu, nata a gaba. Ba su sake kusantar na ɗaya ba. Wani watan karin ya fi ƙarfin sautin, wani watan sautin ya danne karin, kuma duk wanda aka soka a dandalin sai ya ce laifin ɗayan ne. Kwanan baya Arsen ya aiko yana roƙon Saltanat ta yi masa kari shi ma. Ta ce za ta yi. Ermek ya ce ai sai ta koma Almaty gaba ɗaya, ta ce in ya sake magana har karinsu na wata mai zuwa za ta ba yaron.