Gayyar Tsoho Mai Jakai

Kakana wanda ya haifi uwata sunansa na yanka Abubakar, amma in ka shigo Dutsin Lado kana neman Abubakar sai an nuna maka rabin gari ba a kai gare shi ba. Ka ce Tsoho mai jakai, ko akuya ta san gidan. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake ce masa Tsoho tun yana cikin zanen goyo. Shi kaɗai na sani da ya tsufa kafin ya yi haƙori. Yanzu haƙoran sun zo sun tafi, sunan ya zauna masa daram.

Garinmu a kan dutse yake, tsakanin Ƙaura da Zurmi, in ka saki kwalta ka yi daji. An ce kakanninmu sun hau nan ne don gudun mahara na zamanin da. Dabara ce mai kyau, sai dai sun manta ba su hau da ruwa ba. Ruwa yana can ƙasa a rafi, mu muna sama muna kallonsa. A wannan mantuwa Tsoho ya samu abin yi. Tun yana saurayi yake sauka da jakai ya ɗoro ruwa ya hau, da can a garwa, yanzu a jarka. Mai hali ya saya, marar hali ya tura matan gidansa da bokitai.

Gona kam ba shi da ita. Wadda ubansa ya bari kwazazzabo ya cinye tun kafin a haifi uwata. Duk da haka ba a taɓa kaɗa gangar gayya a garin nan ba a ga Tsoho da fartanya ba. Noman fari, maimai, yankan gero, ɗaukar jinka, yaɓen masallaci, duk yana ciki. Ya ɗaure jakansa ya rasa cinikin yini, ya je ya duƙa a gonar wani. Ni da na gudo daga aji uku na sakandare na kama kabu-kabu, na taɓa ce masa wannan ba lissafi ba ne.

"Kai da lissahi ya koro daga makaranta," in ji shi, "kai za ka koya mani shi?"

"To yaushe za su rama maka? Gonar taka a lahira take?"

"Tashi ka ba ni wuri, ɗan nema. Ka bar zagayen matata kuma."

Matar tasa ita ce kakata Mariya, wadda nake ce wa amaryata don in ba shi haushi. Ita ce ke cewa Tsoho ya fi son jakinsa Sakatare da ita. Ni na raɗa wa jakin wannan suna, saboda ba ya motsi sai an yi ta bin sa.

Abin da ya canja zancen ruwa a garinmu ya faru ne da rani, shekarar da mutanen daji suka matsa wa ƙauyukan ƙasa. Mata suna rafi da hantsi sai aka ji ƙarar babura ta wajen kurmi. Ba wadda ta tsaya tambayar na wa ne. Suka watsar da bokitai suka kama hawan dutse, masu goyo da masu ciki, har wata ta faɗi ta karye a hannu. Allah ya tsare, baburan suka wuce. Tsoho yana can bai gudu ba, ya ce gwiwarsa ba ta san gudu ba. Ya tsince bokitan nan ya ɗaure wa jakai, ya bi gida-gida yana mayarwa. Da ya dawo bai ci tuwo ba, bai kuma tanka mani ba da na tsokane shi. A nan na san abin ya taɓa shi.

Kansilanmu Rilwanu, ɗan gidan liman, ya ɗauki maganar ya kai sakatariya. Ya yi ta zarya har takalminsa ya san hanya, ni nake kai shi wani lokaci. Daga ƙarshe ƙaramar hukuma ta sa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Injiniya ya zo duba wuri, amma motarsa ba ta wuce Wuyan Raƙumi ba. Wata kwana ce a tsakiyar hawan, inda ruwan damina ya yanke rabin hanya ya bar rami, ga kuma duwatsu sun gangaro sun zauna. Babur yana wucewa, jaki yana wucewa. Motar haƙa mai nauyin gida guda kuwa ko kusa.

Injiniyan bai ɓoye komai ba. Ya ce giredar hukuma, motar gyaran hanya, tana wani aiki a wata mazaɓa, ba za ta samu ba kafin damina. In an gyara kwanar kafin ruwan fari, mota za ta hau. In ba a gyara ba, dole a kai rijiyar Tungar Maitama da ke bakin kwalta, don ba za a bar aikin ya mutu ba. Mu kuma sai mu jira wani kasafin, in da rabo.

Rilwanu mutumin kirki ne, amma zaman sakatariya ya ɗan shige shi. Ya ɗauko lasifika ya sa aka zaga gari ana shela: ƙaramar hukuma tana umartar kowane magidanci ya fito aikin hanya ranar Asabar. Asabar ta zo. Waɗanda suka fito ba su cika tabarma ɗaya ba, a cikinsu ma har da ni, ni kuwa kallo ya kawo ni. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka ce ba za su yi wa kansila kamfe da guminsu ba. 'Yan jam'iyyarsa suka ce in aikin hukuma ne ai hukuma tana da lebura. Tsofaffi kuma suka ce tun da suke ba su taɓa jin an kira mutane aiki da lasifika ba, sai ka ce ana neman ɓataccen rago.

Da yamma Rilwanu yana zaune gindin ceɗiyar bakin kasuwa ya yi tagumi, sai ga Tsoho ya hawo da jakai. Ya tsaya ya dube shi.

"Ɗan malam, wa ya mutu?"

"Rijiya, Baba Tsoho. Mutanen ga sun ƙi fitowa."

"Ai ba ka kira su ba."

"Har makogwaron mai shela ya dushe."

"Umurni ka ba su. Umurni na hakimi na. Gayya roƙo ce, kuma mai ita shi ka zuwa da ƙahwarshi. Mutum ba ya fitowa don hanya, don wanda ya tsaya ƙohwar gidanshi yake fitowa."

"To in bi gida-gida?"

"Kai? Gonar wa ka taɓa duƙawa?"

Tsoho ya ɗan daɗe yana sosa wa Sakatare wuya, sannan ya ce, kamar da jakin yake magana, "Ni dai ban taɓa kiran tawa ba."

Ni da ke gefe a kan babur na yi dariya har na kusa faɗowa. Na ce, "Tsoho, ka san abin da rijiyar nan za ta yi maka kuwa? Ranar da famfo ya kawo ruwa, wa zai sayi naka? Kai da Sakatare sai ku koma bara."

"Na sani."

"Ka sani kuma?"

"Kai ba ka tsinci bokitan nan ba," in ji shi. Ya kaɗa jakai ya wuce.

Sai dai gayya ba kira kaɗai ba ce. Mai gayya shi ke ciyarwa, fura da hantsi, tuwo da azahar, ga goron makaɗi. Tsoho kuwa ko rumbu ba shi da shi. Rilwanu ya biyo shi gida ya ce shi zai kawo buhunan gero. Tsoho ya ƙi.

"Wanda ya ciyar shi ad da gayya. In ka ciyar ta koma taka, in ta koma taka ta koma ta gwamnati, mun dawo inda munka fito. In kana son taimako, nemi shebur."

Tsoho ya yanke shawarar kai Sakatare kasuwar Shinkafi ya sayar. Ya ce in kai shi bakin kwalta ya nemi mai mota, na ce babur ɗina ba ya ɗaukar masu cin amanar abokansu. Amaryata Mariya tana jin haka ta miƙe. Ta yafa gyale ta fita, ta shiga gidan matar nan da ta karye, daga nan ta shiga na gaba. Kafin la'asar ƙwarya ta fara shigowa gidanmu. Wata gero, wata dawa, wata kuka da daddawa, wata ma ɗan manshanu a gwangwani. Kowacce ta ajiye ta ce na Mariya ne. Tsoho ya buɗe baki zai yi gardama.

"Tukunyata ce ko taka?" in ji Mariya. "Abin da ya shigo ɗakina na gidanka na. Kwance jakin nan ka ba shi dusa, ya hi ka hankali."

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya zuba goro a aljihu ya fara bin gidaje. Bai aiki kowa ba. Zai yi sallama, mai gida ya fito, ya miƙa masa goro ya ce, "Gayya gare ni ranar Talata, a Wuyan Raƙumi." Shi ke nan. Bai ambaci rijiya ba, bai ambaci hukuma ba, bai kuma tuna wa kowa gonar da ya taɓa nome masa ba. Wasu suka ce Allah ya kai mu. Kamaluddeen mai shago, jagoran 'yan adawa, ya juya goron a hannu ya ce, "Baba, wannan ba aikin Rilwanu ba ne aka sa masa hula?"

"Kai na zo wa, ba Rilwanu ba."

"Zan duba."

"Duba da kyau."

Ranar Talata Tsoho ya riga kowa sauka. Na same shi a kwanar shi kaɗai, ya jingina diga da dutse yana kallon hanyar gari. Rana ta fara ɗagawa, ba kowa. Gabas kuma hadari ya fara leƙowa kwanakin nan. Na so in yi masa ba'a, bakina ya ƙi. Mutumin nan ya kashe ƙuruciyarsa a gonakin mutane, yau sau ɗaya tak ya tambaya. In ba su zo ba, rijiya ta tafi, shi kuma ban san da wane ido zai ƙara kai ruwa gidajensu ba.

Ganga muka fara ji. Abdulbasit ɗan makaɗin noma ne ya rataya gangar ubansa, wadda aka daɗe ba a taɓa ba. Bayansa samari ne da diga da shebur da kwanon sarki, bayansu magidanta, har da liman yana dogara sanda. Kamaluddeen ya zo da baro biyu daga shagonsa, ya wuce Rilwanu ko kallo, ya je ya gaida Tsoho.

"Na duba," in ji shi.

Rilwanu ya tuɓe babbar riga ya kama shebur kamar kowa. Kafin a sha fura tafinsa ya yi bororo ya fashe, samari suna ta yi masa kirari, wai ga mai girma kansila yana haƙa ramin zaɓe. Ya yi dariya bai ajiye ba. Manyan duwatsun aka haɗa musu wuta, da suka yi zafi aka sheƙa musu ruwan jakan Tsoho suka tsage, aka mirgina su cikin ramin. Aka jera ƙanana, aka bi da tsakuwa da jar ƙasa ana dannewa. Ni ma na yi aiki, kada a ji a wani wuri. Akwai shaidu, ko da yake sun ce na fi ƙwazo wajen tuwo.

Ba a gama ranar ba. Gayya yini ɗaya ce a al'ada, Tsoho kuma bai roƙi na biyu ba. Mutane da kansu suka dawo Laraba, suka dawo Alhamis.

Motar haƙa ta zo ana saura kaɗan ruwan fari ya sauka. Da ta iso Wuyan Raƙumi direban ya sauko ya taka wurin da ƙafa, ya koma ya sa giya. Tayar baya ta ɗan zame, ƙasa ta zubo, mata suka kama salati. Sai ta yi gurnani ta haye. Ramin farko da aka haƙa bai ba da komai ba sai ƙura, garin ya yi tsit kwana da kwanaki. Na biyu, a bayan makarantar firamare, shi ya kawo ruwa.

Cinikin Tsoho ya faɗi, kamar yadda na faɗa masa, kuma ina tuna masa duk lokacin da na samu dama. Yanzu taki yake kai wa mutane gona, da yashi in ana gini, sai 'yan jarkoki da yake ɗiba a famfo ya kai wa tsofaffin da ke can ƙololuwa. Kwamitin rijiya sun so ba shi riƙon makulli, ya ce shi ba mai gadi ba ne, a ba Mariya, ita ta iya faɗa. Da kaka kuma dammunan gero suna shigowa gidanmu ba a san masu aikowa ba, har ya gina ɗan rumbu na farko a rayuwarsa.

Sakatare ne kawai bai yarda da ci gaban ba. Kullum da safe in an kwance shi sai ya kama hanyar rafi shi kaɗai, ya wuce famfo ko waiwaye. Ni ake turawa in dawo da shi. Na ce wa Tsoho a kira masa taro a yi masa bayani.

"Bar shi," in ji Tsoho. "Hanyar ta yi kyau, yana son taka ta."