Daga Zariya zuwa Jos Kafin Azahar

Sati uku ke nan da dawowata Makarfi, amma har yanzu in babbar mota ta yi ruri a bayan gidanmu sai in ɗaga kai sama, in ɗauka jirgi ne.

Takardar da makarantar koyon jinya ta Jos ta aiko mini, cewa in zo a gana da ni, ta daɗe a gidan waya, ba ta iso hannuna ba sai ana gobe. A mota ba zan kai ba, damina ta cinye hanya. Shugabar makarantar sakandaren da na gama ta aiko cewa wani ƙaramin jirgi zai ɗauki likita daga filin jirgin Zariya zuwa Jos da hantsi, kuma akwai kujera ɗaya ba kowa.

Baba ya ce a'a. Mace ba ta tafiyar yini da kwana ba muharrami, shi kuwa ya yi fatauci da jakai, ya san zango nawa ne zuwa Jos.

Bayan la'asar muka tafi zauren Liman. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Allah gafarta Malam, nisan ya haura mil ɗari, amma jirgin ba ya cika awa guda a sama."

Liman ya dubi Baba. "Malam, kafin ka kai gonarka ta Nasarawan Doya a wannan kekenka mai tari, ai yarinyar ta sauka. Ina kwanan yake?"

"Keken bai taɓa faɗowa daga sama ba," in ji Baba. Amma ya yarda, da sharaɗin shi zai miƙa ni, ƙaninsa, Baffa, da ke aikin haƙar kuza a Jos ya tarbe ni. Aka buga masa waya.

Jirgin bai fi rumbu biyu ba. Da ya ɗaga, na ga gonakin dawa sun koma kamar tabarmi, sai na rufe ido. Kusa da duwatsun Jos iska ta riƙa jefa mu sama da ƙasa. Na yi kalmar shahada har muryata ta dushe, na yi amai a gyalena, na riƙe hannun rigar likitan da ban ma san sunansa ba.

Da muka sauka, ina taka ƙasa na yi tuntuɓe. Baffa ya tallafe ni yana dariya: "'Yar nan, ke da kika zo ta sama, ƙasa ce za ta kayar da ke?"

Ba a kira azahar ba na shiga ɗakin ganawa, ba gyale. Babbar ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini bandeji ta ce in naɗe mata hannu. Sau biyu yana suɓucewa. Na ciji leɓe, na uku ya zauna daram.

Washegari aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka a allo. Mu biyu ne daga duk ƙasar Zazzau, kuma ni ce ta sama. Na tsaya a gaban allon nan ina karantawa har Baffa ya gaji ya nemi inuwa.