Ranar da Iya Ta Yi Tatsuniya da Hantsi

Har yau in na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, sai in ji kamar in jawo tabarma in zauna. A gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ba don tatsuniya ake hura wuta ba. Wutar sana'a ce. Kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, turarar shinkafa take yi wa 'yan kasuwa. A jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a zuba a rabin duro, a hura wuta da buntu da kara, washegari a shanya. Bayan sallar isha'i dole wani ya tsare wutar, shi ya sa Iya ke tara mu. Sai da na girma na gane wayonta: ita tana ba mu labari, mu muna tura mata kara.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu gan ta." Doka ɗaya gare ta, kuma ba ta wasa da ita: ba a tatsuniya da rana. Wai mai tatsuniyar rana ɓata yake yi, ya kasa gane hanyar gida. Na taɓa shan ranƙwashi a kan wannan, ban sake ba.

Mu duka muna gaban wuta, ban da ƙanena Jamilu. Shi can jikin bango yake zama, ya ba mu baya, yana jera marafan kwalba. Ya haura shekara uku bai taɓa cewa ko "Umma" ba. Ka kira sunansa har muryarka ta dushe, ba zai waiwayo ba. In ƙishirwa ta kama shi sai ya ja hannunka ya ɗora a kan murfin randa. Wasu suka ce kurma ne, amma ko daga nesa injin casar shinkafa ya tashi, shi ne farkon toshe kunne. Wasu suka ce aljanun kanal ɗin ban-ruwa ne, don Umma ta yi wanki a can da tsakar rana lokacin tana da cikinsa. Ina son yaron nan, amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci haushi yake ba ni, don ni ake bar wa shi.

Baba mutum ne da ba ya iya zama ya zuba wa matsala ido. Da abokan nomansa suka ce harshen yaron ne a ɗaure, sai ya yi magana da wanzami ya zo ya yanka masa ƙarƙashin harshe. Na ga Umma tana share ido a bayan rumbu. Iya kuwa cewa ta yi, "Sule, harshen da ke lashe kwanon fate tas, shi ne a ɗaure?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Mun jira, mun jira. Sa'anninsa har karatun allo sun fara." Ban taɓa jin ya tsallake maganarta ba sai ranar. Aka tsayar wanzami zai zo ran Asabar da safe.

Akwai wata tatsuniya da Iya ke yawan yi, ta ɗan kwaɗo. Wai wani ɗan kwaɗo ne yake zaune a fangalin ƙarshe, can ƙuryar gona, inda ƙasa ta bushe ta tsattsage. Kullum aka sako ruwa daga kanal, fangulan gaba su sha su ƙoshi, nasa ko ɗigo. Ya je wurin balbela, ta ce, "Na baya ba ya shan ruwa, ka tashi ka bar nan." Ya je wurin gafiya, ta yi masa dariya. Shi dai bai tashi ba. Kowace yamma sai ya hau kunya ya rera:

"Mai ban-ruwa, buɗe mini hanya,
Na gaba sun sha, na baya na jira,
Ƙasa ta sha, ni ma in sha."

Ashe ruwan yana zuwa tuntuni. Cikin tsagar ƙasa yake shigewa, yana cika ƙasa daga can ciki, ba mai gani. Wata safiya sai ya taso sama. Da aka rufe kanal, duk fangulan gaba suka bushe, na ɗan kwaɗo ne ya fi daɗewa da danshi.

Ran Juma'a da dare Iya ta ɗauko wannan tatsuniya, muryarta ba daɗi. Baba yana gona, ranar ce layin ban-ruwansa. Ta zo kan waƙar, ta ce, "Na gaba sun sha," sai wuta ta kama buntu ta tashi sama. Ta miƙe da sauri tana zare kara, ta bar waƙar a rataye. Sai muka ji wata 'yar murya daga jikin bango: "Na baya na jira. Ƙasa ta sha, ni ma in sha."

Jamilu ne. Da muryar Iya ya faɗa, da karyar wuyanta, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshe. Bai waiwayo ba, hannunsa na kan marafansa. Kwanon da ke hannun Umma ya faɗi. Na buɗe baki zan yi ihu, Iya ta damƙe mini hannu ta ce a hankali, "Rabi, kul. Kada ki firgita mini ango." Haka take kiransa, angonta. Ta koma ta zauna ta ƙarasa tatsuniyar, hawaye na bin kumatunta.

Da safe muka yi wa Baba ca da labari. Ya tsuguna gaban Jamilu ya ce, "Ce Baba. Jamilu, ce Baba." Ya maimaita har ya gaji. Ya miƙe ya ce, "Kun dai ji abin da kuke son ji." Ba a jima ba wanzami ya yi sallama, zabirarsa a kafaɗa.

Sai ga Iya ta fito da tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida, hantsi ya dubi ludayi, shinkafa na shanye. Ta ce wa wanzami, "Malam, zauna ka sha kunu tukuna." Ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa."

Maimakon mu amsa, sai na ce, "Iya, da rana fa!"

Ta ce, "In na ɓata ku nemo ni. Ku amsa."

Muka amsa. Ta yi ta yi, balbela, gafiya, har ta iso kan waƙar. Ta ce, "Na gaba sun sha," ta kame bakinta. Wallahi ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba. Baba ya motsa zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Jamilu ya gyara wani marfi da ya karkace. Sannan ya ƙarasa waƙar. Bai tsaya nan ba, ya miƙe ya tafi wurin randa, ya ɗora hannunsa a kan murfi ya ce, "Ni ma in sha."

Baba da kansa ya ɗebo ruwan, garin sauri rabi ya zube. Wanzami ya ajiye kofin kunu ya ce, "Malam Sule, wannan harshen ba na aska ba ne." Don kada mutum ya yi zuwan banza, Baba ya cire hula ya zauna aka aske masa kai, yana dariya yana goge ido.

Ba zan ce daga ranar baki ya buɗe ba. A hankali abin ya zo, gutsure-gutsure, yawanci daga bakin dabbobin Iya. In ba ya son abu sai ya ce, "Ka tashi ka bar nan," irin ta balbela. Iya kuwa ta watsar da dokarta gaba ɗaya, safe da rana tana tatsuniya tana barin gurbi, shi yana cikewa. Daga baya wata likita a Kano ta ce alamunsa sun yi kama da na galahanga, larurar da ke sa yaro jinkirin magana da gudun cuɗanya, ta koya wa Umma wasu dabaru da suka taimaka. Yau Jamilu saurayi ne, shi ke ban-ruwa a gonar Baba. Maganarsa kaɗan ce, kuma har yanzu ba ya son kallon ido.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kwaɗo haƙuri kawai take koyarwa. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan na gane aikin da ya fi wuya shi ne na Iya: ka yi ta zubawa inda ba ka ganin alama, sannan ka iya yin shiru ka bar wa mutum wurin da zai sa tasa maganar. Ni har yau ban iya ba, ina cika wa yarana baki kafin su buɗe.

Shekarun Iya na ƙarshe, tunaninta ya rikice. Ta manta sunana, ta manta an daina turara a gidan. Amma ba ta manta baƙuwar ƙofa ba. Na je gida wata rana da hantsi na tarar da ita a tabarma tana yi wa jikokin Baba tatsuniyar kwaɗo. Ta zo tsakiyar waƙar ta tsaya, tana dube-dube, idonta cike da tsoro, ta rasa hanya. Jamilu na bakin zaure, ya dawo daga gona, ƙafarsa duk laka, ya ba mu baya yana wanke fartanya. Bai waiwayo ba. Ya ce, "Na baya na jira, Iya."

Fuskarta ta saki. Ta ce, "Yawwa, angona," ta ci gaba. Ni kuwa na shige ɗakin Umma na yi kukana. Iya ce ta ce in ta ɓata mu nemo ta, kuma duk cikinmu shi ne ya san inda take.