Huhun rago a kasuwar Gangara

Mijin yayata bai taɓa hura wuta ba a rayuwarsa. Ko ruwan shayi yake so, sai ya zauna a tabarma ya ƙwala wa matarsa kira. Wannan mutumin ne ya zo Gangara yana koya wa mata girki, a shekarun da suka biyo bayan babbar yunwar nan ta tamanin da huɗu.

Kafin nan kayan koli yake tallatawa a Damagaram, madubi da allura da batir. Sai ya maƙale wa wani furoje, wato shirin taimakon raya karkara, da ke koya wa maƙera ƙera murhun ƙarfe daga tsoffin gangunan mai. Ya riƙa sara a wurinsu yana zagaya kasuwannin Damargu. Furojen ya ara masa lasifika, shi kuma ya ƙara wa kansa tabarau wanda idonsa bai nema ba.

A lokacin itace ya yi mana wuya ƙwarai. Da kara muke girki, in ya ƙare mu koma kashin shanu. Da ya ce wa mata ga murhun da zai rage musu yawon daji, da sun fahimta. Amma gajeriyar magana ba ta gamsar da shi. Sai ya hau bayan amalanke ya yi ta zuba abin da ya haddace, cewa hamada na tahowa, kuma matan ƙauye ne ke janyo ta da duwatsunsu uku na murhu. Yana yi yana jefa kalmomin Faransanci da shi kansa bai san kansu ba. Mata su tsaya su kalli lasifikar, su wuce wajen mai gishiri.

Da ya ga ciniki bai motsa ba, sai ya sayi huhun rago wajen mahauci, ya rataya a kan hayaƙi har ya yi baƙi ƙirin. Da shi ya iso kasuwarmu, a ƙunshe cikin tsumma, ƙudaje na bin sa.

Inna, mahaifiyarmu, ƙosai take toyawa a bakin kasuwa tun ba a haife ni ba. Ni ina gefenta da kwalaben man gyaɗata, ga goyon fari a baya. Tana da tari wanda ya daɗe a ƙirjinta, mun saba da shi. Ranar kara ya yi ɗanye, hayaƙi ya turnuƙe, tarin ya taso mata daidai lokacin da surukinta ya ɗaga baƙin huhun sama. Mutumin da bisa al'ada ko ido bai kamata ya haɗa da ita ba, sai ya juyo da lasifika wajenmu.

"Ku dubi tsohuwar can," in ji shi. "Surukata ce, ba zan yi muku ƙarya a kanta ba. In aka buɗe ƙirjinta, abin da za a gani ke nan."

Kasuwa ta juyo gaba ɗaya. Wasu suka yi dariya, wasu suka rufe baki da hannu. Ya ci gaba, wai dajin da ta ƙone a rayuwarta ya isa ya yi wa Gangara inuwa. Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta kwashe ƙosan da ke cikin mai, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce mini a hankali in kashe wutar.

Ya sayar da murhunsa kaf a ranar. Mu kuwa, daga kasuwa mai zuwa aka fara kauce mana. Ba wanda ya riƙe maganar hayaƙi. Abin da ya zagaya gari shi ne mai ƙosai na da babban tari, surukinta ma ya faɗa da bakinsa. Iyaye suka hana yara zuwa. Ƙullu ya riƙa tsami a ƙwarya. Sai da ƙanin babanmu ya kai ta asibitin Tanut, aka duba aka ce ba tarin da ake ɗauka ba ne, hayaƙin shekaru ne. Wannan labarin ba shi da lasifika, a hankali ya yi tafiya, kuma wasu masu saye ba su dawo ba har ta bar sana'ar.

Surukin nata ya aiko mata da murhu ɗaya ta hannun yayata. Inna ta ce a ajiye bayan rumbu. Daga baya na ɗauke shi na kai gidana, kuma abin haushin shi ne murhun na da kyau. Ɗan itace kaɗan ya dafa tuwo, idona ya daina ruwa. Inna kuwa ba ta yarda ta ɗora tukunya a kan irinsa ba har ta rasu. Da wani ne ya kawo mata shi da ladabi, na tabbata da ta karɓa.

Bayan girbi ya zo gidanmu da goro. Muka ɗauka haƙuri ya zo bayarwa. Ya durƙusa a bayan zana, ya gaida Inna gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce masu furoje sun ji daɗin abin da ya yi a Gangara, suna so ya maimaita a Ollelewa da Falanko. Akwai wuri a mota.

"Inna, ba sai kin yi magana ba," ya ce. "Zama kawai za ki yi kusa da ni."

 Inna ta kira ni, ta ce in mayar masa da goronsa, in gaya masa rana ta yi, hanyar Damagaram da nisa. Na kai masa. Ya karɓa, ya zuba a aljihu, ya tambaye ni ko a unguwarmu akwai wata tsohuwa mai tari.