Ɗaya Ya Kunna, Ɗaya Ya Kashe

Ko zan manta da komai na zamana a Tamanrasset, ban da ranar da ilimi ya cinye mini garkar tumatir. Na yi shekaru ina ɗaukar bulo kafin na samu 'yar rumfa a kasuwa, sannan na karɓi hayar garka a ƙauyen Tit, can bayan gari, mai rijiya da injin ban ruwa na hasken rana. Wannan ce shukata ta farko, kuma duk abin da na tara na zuba shi a ciki. Matsalata ɗaya ce, zirga-zirga tsakanin rumfa da garka don kunna inji da kashe shi.

A lokacin ina da baƙi biyu daga Maradi, ƙanena da ɗan kawunmu, kowa da takardar shaidar karatun kwamfuta, amma ba mai aikin yi. Taubasai ne, tun suna yara ba sa ga maciji. Su suka ce akwai 'yar na'ura kamar kwalin ashana, in an rubuta mata umarni za ta kunna injin ta kashe da kanta. Na sayo ta da murnata. Ashe gardama na sayo.

Ƙanena ya ce da yaren kwamfuta mai suna Python za a rubuta, domin yana karantuwa kamar wasiƙa. Ɗan kawu ya ce sai C, yaren da ke magana da ƙarfe kai tsaye. Na ɗora shayi ina tsammanin kafin kofi na uku za a gama.

"Kai, bawana," in ji ɗan kawu, "yaren da in ka ƙara 'yar tazara ɗaya a farkon layi sai ya yi fushi ya ƙi aiki, shi ne yare? Wannan ai sabuwar amarya ce."

"Naka hwa?" in ji ƙanena. "Kowane layi sai ka ɗaura mishi waƙafi a wutsiya, ka zagaye shi da baka, kamar mai ɗaure awaki. Ka manta guda, ka wuni kana nema."

Suka koma kan sauri. Ɗan kawu ya ce C na gama aiki kafin Python ya ɗaura takalmi. Ƙanena ya ce saurin mi, injin ruwa ne ko jirgin sama? Ni dai ina zuba shayi ina gyaɗa kai, ban san ko ɗaya ba, amma ina jin daɗi wai gidanmu ya yi masu ilimi. Kwanaki suka shige, sukari ya ƙare, ba a rubuta layi ɗaya ba.

Da na gaji sai na yi irin sulhun da na ga manya suna yi a gida, wato a raba abu biyu kowa ya ɗauki nasa. Na ce mai Python ya rubuta na kunnawa, mai C ya rubuta na kashewa. Har na yaba wa kaina, na ce da na yi lekkol, wato boko, da alƙali zan zama. Kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya rubuta nasa, suka kai Tit suka haɗa, muka dawo gari. Na yi kwana biyu ban leƙa garka ba, ina ta yi wa 'yan kasuwa alfahari.

Ina cikin awon gyaɗa da hantsi sai dattijon da ke maƙwabtaka da garkata ya kira ni a waya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, cikin Hausarsa ta mutanen duwatsun Tamanrasset, "Yaro, na gode da ruwa, dabinona ya sha ya ƙoshi. Amma ka taho."

Mun isa mun tarar da garka ta zama tafki. Tumatir ya kwanta cikin laka, rijiya ta ƙafe, injin ya yi ta jan iska har ya ƙone. Na tsugunna a bakin kwalbati, wallahi sai da na yi hawaye. Ashe umarnin kashewa jira yake na kunnawa ya sanar da shi cewa ruwa ya fara zuba, shi kuwa na kunnawa ba a gaya masa akwai mai jira ba, tunda marubutansu ba sa magana da juna.

Ina share fuska sai na ji ƙanena a bayana yana cewa, "Yaya, ka dai shaida, nawa ya yi aiki. Ya kunna."

"Nawa ma ba kuskure ko ɗaya," in ji ɗan kawu. "Har yanzu yana nan yana jira."

Yau dukansu suna aiki a buro, wato ofis, ƙanena da C yake cin abinci, ɗan kawu da Python, kuma ko a jikinsu. Ni na koma ɗaukar bulo shekara guda kafin na sake sayen inji. Abin da na koya shi ne, ana raba nama biyu, ana raba gado, amma ba a raba aiki ɗaya tsakanin mutum biyu da ba sa gaisawa. Kuma tun daga ranar, in masu ilimi suka fara gardama a gidana, nakan zuba musu shayi, in tafi in kashe injina da hannuna.