Ranar Da Barkonon Inna Ya Tarbi Jirgin Soja

Shekarun baya kaɗan, ina koyarwa a firamaren wani ƙauye wajen Randagi, daidai lokacin da 'yan bindiga suka raba mu da gonakinmu na bakin daji. Mun yi ta kai kuka a girke mana sojoji, shiru. Kwatsam sai saƙo ya zo wa dagaci cewa wani babban hafsa zai zo da jirgi mai saukar ungulu ya gane wa idonsa, kuma abin da ya gani shi zai sa a ba mu ko a hana.

Dagaci ya ce, "Malam, kai ka san harkar jirgi, shirin tarba yana hannunka." Sanin da na yi wa jirgi kuwa bai wuce leƙensa da na taɓa yi ta shingen waya a Kaduna ba. Amma na gyara hula na ce a bar mini komai.

Mu a wurinmu ba a sauke babban baƙo a ƙasa tsirara. Na sa aka share filin makaranta, aka malala tabarmi da dardumar masallaci a daidai inda jirgin zai dira, aka jera kujerun roba aka kafa rumfa. Kwana uku na yi ina rubuta jawabi.

Matsala ɗaya ita ce mahaifiyata. Ta baza shanyar barkononta a gefen filin, ya bushe ƙayau. Na ce, "Inna, don Allah a kwashe na yau kawai." Ta ce, "Jirgin barkono yake ci? Tafi ka ba ni wuri."

Da hantsi jirgin ya iso. Tun kafin ya taɓa ƙasa tabarmi suka tashi sama, rumfa ta kife, kujeru suka nufi bayan aji da gudu, jawabina ya bi su. Sannan iskar ta kai ga shanyar Inna. Jama'a, ban taɓa ganin jan hadari ba sai ranar! Dagaci yana atishawa rawani na warwarewa, liman ya fara addu'a tari ya sarƙe shi. Hafsan ya sauko da ƙwambonsa, bai yi taku biyar ba hawaye da majina suka ɓalle masa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe mana zancen sojoji.

Da ya samu numfashi ya ce, "Wane ne ya zuba barkono a nan?"

Ina neman inda zan ɓuya sai ga Inna ta ratso mutane, mayafi a ɗamare. "Ni ce, yaro. Kuma ka watsar mini da wahalar shekara."

"Mama, filin makaranta wurin shanya ne?"

"A'a. Akwai falalen dutse a gonarmu, can nake shanya tun ina amarya. Shekara biyu ke nan ban isa in taka wurin ba. Wanda ya je ƙarshe bai dawo ba. To ina kake so in shanya?"

Hafsan ya daɗe yana kallonta da jajayen idanu, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama. Ta wane gefe dutsen yake?" Ta nuna masa da hannu. Bai nemi jin bakin kowa ba bayan wannan, kuma kafin wata ya ƙare motocin sojoji biyu suka sauka a garin.

Har yau in abokaina suka ji ƙarar jirgi sai su ce, "Malam, a fito da darduma?" Nakan yi dariya, don na cancanta. Amma abin yana sosa mini rai ta wani gefen. Ni na ɓata kwanaki ina ƙoƙarin ɓoye halin da muke ciki don kada mu ji kunya gaban baƙo, alhali halin ne ya zo gani. Kakar da ta biyo baya ni na ɗaukar wa Inna buhun barkono a babur har gona. Tana sauka ta cire takalmi, ta hau dutsen nan ta zauna, ta daɗe ba ta ce a kwance buhun ba.