Malam Iro da baƙin da ya haramta

Duk wanda ya zauna da Malam Iro Mai-kala a Dutsin-Ma ya san ba a gama gaisawa da shi sai ya leƙa ƙarƙashin haɓarka. Kana tambayarsa iyali, shi yana nazarin inuwar wuyanka. Ni tela ne, shagona na jikin nasa, don haka haɓata ta fi ta kowa shan kallo.

Da fentin alluna da jikin motoci ya fara. Sai da furfura ta fito masa ya koyi zane a kwamfuta wurin ɗaliban jami'a, ya koma yi wa mutane hotuna da fosta. Ranar da ya kafa tasa kwamfutar, ya yanko filasta ya manne kusurwar gilashinta inda ake zaɓen baƙi. A cewarsa baƙi kashe kala yake, fari kuma wanke ta yake. In inuwa yake so, sai ya ja kalar wajen shuɗi ko ruwan makuba, in haske ne ya ja ta wajen ruwan ɗorawa. Wannan aƙida ce ta riƙa korar masa masu kawo aiki, suna tsallaka titi zuwa shagon wasu samari da ke yi wa kowa yadda yake so.

Wani Alhaji daga Kurfi mai neman kansila ya kawo aikin fosta. Ya duba abin da aka yi, ya ce, "Malam, a ɗan ƙara haska ni."

"Na haska ka, Alhaji. Ga shi nan a goshi da karan hanci."

"Hwari nike nuhi, hwari sosai."

Malam Iro ya ce, "Ƙuri'a kake nema, ko kai za a kai ɗakin miji?"

Alhaji ya tsallaka titi, da shi da sauran 'yan jam'iyyarsu gaba ɗaya.

Sai wani makiyayi daga Wurma, Ardo Buba, da ya so a zana masa farin bijiminsa. Da ya ga cikin bijimin ya yi shuɗi-shuɗi a zanen, ya ce, "Malam, bijimina bai taɓa zuwa marina ba." Da wani ne, da sai ya gyara ya karɓi haƙƙinsa. Malam Iro rufe shago ya yi, ya ɗauki Ardo a babur har Wurma, ya kwanta rigingine ƙarƙashin bijimin don ya nuna masa. Ya dawo yana ɗingishi.

Na ce, "Yaya aka ƙare?"

Ya ce, "Shuɗi ne. San ne dai bai son a tabbatar."

Matarsa Hajo ce ta fi jin jiki, don ita ke ganin ƙasan buhun gero. Wata rana ta zo shagon da kanta, a gabana ta ce, "Malam, ka ɓare hwilastar nan ka sa masu baƙin mu ci tuwo." Ya yi kamar zai yarda, har na ajiye almakashi. Can ya ce, "Hajo, ɗan matsa bakin ƙohwa. Wallahi inuwar mayahinki ruwan makuba ce." Ta juya ta tafi, amma na ga tana danne dariya.

Da ya rasu, 'ya'yansa suka so hoton da za a tura wa dangi a waya. Ba mai yi sai samarin tsallaken titi. Suka ɗauki wani tsohon hotonsa, suka yi masa aikin da suka saba, cikin girmamawa kuma ba su karɓi ko sisi ba. Fuska ta yi fari tas, ƙarƙashin haɓa baƙi ƙirin. Aka kai wa Hajo cikin takaba. Ta daɗe tana kallo, ta miƙa wayar, ta ce, "Wanga dai ba mijina ba ne."

Muka bincike kwamfutarsa kaf. Ga ni, ga Hajo, ga bijimin Ardo, ga rabin mutanen kasuwa, kowa da kalarsa ta gaskiya. Nasa ne kawai babu, bai taɓa zana kansa ba. A nan ne na ji rashinsa ya kama ni sosai.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya haskaka kabarinsa, ya sa shi a inuwar Al'arshinsa. Ya ba Hajo haƙuri.